Barau da Motar Masu Jego

Kowace yamma, idan Barau ya dawo daga sallar magariba, yakan ɗauki tsintsiya ya share ƙarƙashin motarsa. Sai ya shiga madafa ya ɗebo toka a tsohon murfin kwano, ya durƙusa, ya barbaɗa ta daga gaban inji har tsakiyar mota, siririya kamar ana yayyafa gari a faifai. Da safe, kafin ya sa komai a bakinsa, zai kwanta rub da ciki ya leƙa. Idan wani abu ya ɗiga, toka ba ta ɓoyewa. Ruwa yakan bar ɗan rami mai duhun baki, baƙin mai ya bar dunƙule, sawun ƙadangare kuwa daban yake. Inda ɗigon ya faɗi, daidai samansa ciwon yake.

Mutanen Dingaya sun saba da ganinsa a haka. Har bayan da tayoyin motar suka nutse cikin ƙasa, kaji suka mai da gidan baya wurin ƙwai, Barau bai daina ba. Baƙo yakan tambaya me tsohon nan yake nema a ƙarƙashin motar da ba ruwa a cikinta. 'Yan gari sukan ce masa ai al'adarsa ce, su kawo wata magana.

Barau ɗan gidan shanu ne. Kakanninsa sun daɗe a gefen Dingaya suna kiwo suna noma, har Fillanci ya ragu a bakinsu sai na kiran saniya da na faɗa. Shi ma da sanda ya tashi. Yana saurayi wani Baturen dabbobi ya zo yi wa shanu allura, motarsa ta kafe a yashin rafi, Barau na cikin waɗanda suka tura. Sauran suka koma wajen garke, shi ya tsaya yana kallon yadda direba yake ba injin ruwa kamar ana shayar da maraƙi. Daga ranar ya bi su. Ya wanke mota, ya ɗauki kaya, ya koyi tuƙi a fagen da aka girbe gero.

Da aka sami 'yancin kai Baturen ya tashi komawa gida, ya sa motar a kasuwa. Barau ya je wurin Bappa, ƙanin mahaifinsa, wanda yake riƙe da shanun gadonsa, ya ce a sayar masa da bijimai. Bappa ya dube shi.

"Abin da yake haihuwa za ka ba da, ka karɓi abin da yake tsatsa?"

"I, Bappa."

"To. Naka ne."

Motar don ƙasar sanyi aka ƙera ta. Ban da babban lagireto na gaba, wanda yake sanyaya ruwan inji, akwai wani ƙarami a ɓoye ƙarƙashin allon gaba, bai fi tafin hannu biyu ba. Ruwan zafi yana shigarsa ta tiyo ɗaya, ya zaga cikin 'yan siraran hanyoyi, ya fita ta ɗayan, wata ƙaramar fanka kuma tana hura ɗumin a ƙafafun wanda ya zauna gaba. Hita ke nan. Direbobin ƙasar nan, wanda duk ya sami mota mai ita, bakanike yake kai wa a yanke tiyon biyu a haɗe bakinsu, a huta. Wa zai nemi ƙarin zafi a ƙasar Gwaram? Barau ya bar tasa ne kawai don ba ya son a taɓa abin da bai lalace ba.

Gwaggo Barira ce ta gano amfaninta. Yayar mahaifinsa ce, ita ce kuma ungozomar unguwa, ƙaramar mace mai babbar murya. Wata shekara lokacin sanyi, wata yarinya ta sha wuyar naƙuda har aka kai ta asibitin Birnin Kudu. Ranar dawowa da ita Gwaggo tana ta faɗa tun daga bakin asibiti, wai za a kashe mata mai jego a hanya, jiki ɗanye, ba wanka, ba wuta. Barau ya miƙa hannu ya murɗa wani ɗan maɓalli. Ba a yi nisa ba Gwaggo ta yi shiru. Ta zare ƙafa daga takalmi, ta matsa da ita gaba.

"Barau, wuta ka hura a ciki?"

"A'a, Gwaggo. Numfashin inji ne."

"Ko numfashin wane ne, kada ka kashe."

Kafin a yi sunan jaririn nan labari ya kai Gwaram, ya kai Basirka. Kowa ya san abin da ake guje wa mai jego: kada sanyi ya shige ta. Mata da yawa suna ƙin asibiti ba don komai ba sai don hanyar dawowa a bayan akori-kura, iska tana dukansu. Yanzu ga mota mai murhu a ciki. Aka sa mata suna Ɗakin Jego. Ko cikin bazara, ana zufa, tsofaffi sukan ce a buɗe, Barau ya buɗe, ya yi tuƙi rigarsa sharkaf bai yi ƙorafi ba.

Zaman yana da tsarinsa. Barau a sitiyari, tsohuwa a tsakiya, mai jego da jaririnta a bakin ƙofa, inda ɗumin ya fi sauka. A wajen ƙafarta ya shimfiɗa buhunan algarara a kan tabarmar roba, don taushi. Idonsa ba ya zuwa wannan gefen. Matar wani ce, cikin biƙi take, shi kuwa ɗan gidan kunya ne. Idan ya dawo gida, shi zai wanke jikin mota da inji da gefensa, matarsa Hadijatu ta buɗe ɗaya ƙofar, ta kwashe buhunan ta zaga da su bayan ɗaki, ta wanke, ta shanya inda namiji ba ya bi. Ba su taɓa zama sun raba aikin ba. Haka kawai ya rabu.

Hadijatu doguwa ce, mai ƙarancin magana kamar mijinta. An sha yanka ragon suna a gidansu, amma ba a taɓa yin yaye ba. Ta wanke buhunan haihuwar matan ƙasar nan shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa jin ta ce wani abu a kai.

Aka zo aka koma tuƙi hannun dama, motar Barau ta zama mai sitiyari a gefen da bai dace ba. Kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, sababbin motoci suka cika tashar Birnin Kudu, masu sheƙi, kujerunsu da leda. Ba wanda ya ƙara ajiye kayan gyaran irin tasa. Duk da haka masu jego ba su sauya ba, don sababbin tun a Kano ake yanke musu hita.

A wannan lokacin ne motar ta fara shan ruwa.

Da fari kaɗan ne. Zai buɗe murfin lagireto da safe ya ga ruwa ya sauka, ya ƙara da buta. Sannu a hankali buta ta daina isa. A nan ya fara barbaɗa toka. Yakan tashi ya leƙa, ya tarar da ita fara fes, ko ɗigo babu. Ya sake sharewa, ya sake barbaɗawa. Ruwa yana tafiya, ƙasa ba ta gani.

Ya kai ta wurin Maikano, bakaniken da yake aiki ƙarƙashin wata tsamiya a bayan tasha. Ɗan maƙera ne, ya bar uwar maƙera ya kama sifana, bakinsa kuwa ba ya hutawa.

"Ungozoma ya iso! A ba shi tabarma. Yau kuma wa ya haihu?"

"Ba kowa. Ita ce ba lafiya. Tana shan ruwa, ba ta fitsari."

"To ai irinku ce. Bafillace ya sha nono ƙwarya guda, ka tambaye shi ya ce bai karya ba. Buɗe mu gani."

Maikano ya bi ta gaɓa-gaɓa. Ya matsa kowane tiyo da hannu yana neman tsaga. Ya shafa ƙarƙashin famfon ruwa, ya duba yatsunsa, a bushe. Ya sauya robar murfin lagireto. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya ɗaga ta a rana.

"Ka ga, da gaskit ne ya ƙone, ruwa yana shiga mai, da ka ga wannan ya koma kamar kindirmon gidanku. Baƙi ne wuluk. Tayar da ita."

Barau ya tayar. Maikano ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya sansana.

"Ba farin hayaƙi. Ba ta ƙona ruwa. Kai, ko aljanun masu jego ne suke sha?"

"Maikano, bar wasa."

"Na bari. Rami ne ƙarami, irin bakin allura, a wani lungu. Sai ta yi zafi yake buɗewa, ruwan ya bi iska kafin ka tsaya. Ba za mu gan shi ba sai mun wargaza ta, idan kuwa muka wargaza tsohuwar nan ban yi maka alkawarin za ta haɗu ba. Kana da kuka a gida?"

"Kuka?"

"Garin kuka, na miya. Tafi guda a lagireto, tana da zafi. Yauƙin zai bi ruwa, duk inda rami yake ya je ya liƙe. Direbobin Bauci da shi suke zuwa har Legas. Wasu ƙwai suke fasawa, wasu garin taba, amma kuka ta fi riƙo."

Gefen da masu jego suke zama, ba wanda ya buɗe. Maikano ya leƙa ta taga ya ga buhuna a shimfiɗe, wankakku, ya janye kansa. Shi ma yana da uwa.

Barau ya karɓi garin kuka a hannun Hadijatu, ta ba shi ba ta tambaya ba. Ya zuba tafi guda. Ruwa ya rage sauka, amma bai tsaya ba. Shi kuwa mutum ne da ba ya son aiki rabi, sai ya ƙara, bayan kwana biyu ya sake ƙarawa. Ruwa ya tsaya cak. Mako ya zagayo, murfi a cike. Ya saya wa Maikano goro.

Bazara ce lokacin. Idan ya buɗe hita, iska mai zafi take fitowa, amma a bazara ko iskar banza zafi gare ta. Damina ta zo, hanya ta yanke, tafiya ta yi ƙaranci. Cikin daminar nan ne Hadijatu ta daina cin abin da aka soya da man shanu, Gwaggo Barira ta fara zuwa gidan ba tare da an aika mata ba. Ba wanda ya faɗa wa Barau komai, shi ma bai tambaya ba. Sai dai an ga ya sayi tunkiya da ɗanta ya ɗaure a bayan gida.

Da aka kai amfanin gona gida, sanyi ya sauko, na shekarar nan kuwa mai shiga ƙashi ne. Ranar da ya fara ɗauko mai jego a cikinsa, tsohuwar da ta raka ta ta yi ta matsa ƙafa gaba, can ta ce, "Malam Barau, yau ba ka hura ba ne?" Ya duba maɓalli, a buɗe yake har ƙarshe. Ya sa bayan hannunsa a bakin hita. Iska tana fitowa, amma kamar numfashin mara lafiya.

Da ya sauke su ya buɗe gaban mota, inji na aiki. Ruwa a cike. Babban tiyo da zafi, har ba ya riƙuwa. Ya lalubo siraran nan biyu da suke ratsa bango su shiga wurin hita. Ya kama na farko, ya ƙona masa hannu. Ya kama na biyu, sanyi ƙalau, kamar igiyar guga. Ya daɗe a tsaye riƙe da shi.

Maikano bai yi wasa ba wannan karon. Ya kama tiyon biyu shi ma, ya saki, ya goge hannu a wando.

"Ruwa yana shiga, ba ya fita. Ta toshe."

"Kukar ce?"

"Hanyoyin cikinta sirara ne, ba kamar na babban ba. Nawa ka zuba?"

Barau ya faɗa masa.

"Kai, Ungozoma! Na ce tafi guda, ka yi mata miyar gidan biki." Ya leƙa ƙarƙashin allon gaba. "Ni ma ban tuna da ita ba, wallahi. Duk motocin da nake zuba wa, ba mai hita."

Suka cire tiyon, suka ɗura ruwa ta baya da famfon keke. Wani abu kore-kore mai wari ya ɗan fito, daga nan ya tsaya. Maikano ya ce sai dai a kwance allon gaba gaba ɗaya a fito da ita, a jiƙa, a wanke. Notunan sun yi tsatsa, wasu sai an yanka, motar za ta yi kwanaki a kwance. Lokacin kuwa na jigilar gyaɗa ne da bukukuwa, mutane sun riga sun kama shi.

Barau ya yi lissafinsa a zuci, irin wanda namiji ba ya yi da baki. Ta bakin abin da ya tsinta daga zancen Gwaggo, sai sanyi ya wuce, an fara jin ƙamshin bazara, sannan za a bukaci motar a gidansa. Akwai lokaci.

"Bari a gama gyaɗa," in ji shi. "Zan kawo ta."

Ya sayi barguna biyu ya ajiye a gidan gaba.

Ba a gama gyaɗa ba. Wata ranar Laraba da la'asar ya dawo ya tarar da takalman mata a ƙofar ɗakin Hadijatu, hayaƙi yana fita ta saman jinka. Ya zauna a zaure. Bayan magariba Gwaggo Barira ta fito, hannunta a jiƙe.

"Namiji ne. Bakwaini." Ta nuna tsawonsa daga gwiwar hannunta zuwa wuyan hannu. "Yana da rai. Uwar lafiya."

Barau ya yi hamdala a hankali.

"Ba ya kama mama. Kukansa kamar na ɗan kyanwa. Na riƙe bakwaini da yawa, Barau, wannan ya fi ƙarfina. An ce a asibiti akwai akwatin da suke sa irinsu. Idan ya kai safe, ka kai mu."

Ya kai safe. Da aka sallame asuba Barau ya tayar da mota ya bar ta tana aiki, ko Allah zai sa. Sanyin ranar har ruwan buta yana cizon hannu. Ya sa bayan hannu a bakin hita, ya cire, ya sake sawa. Ba abin da ya sauya.

Aka fito da Hadijatu a lulluɓe, jaririn a ƙirjinta cikin zannuwa da bargo. Ta zauna a bakin ƙofa, wurin da ta yi shekaru tana sharewa ba ta taɓa zama ba. Gwaggo ta shiga tsakiya, ta zare ƙafa ta miƙa, ta jira. Sai ta juyo ta dube shi.

"Ina wutar?"

"Ta lalace, Gwaggo. Ga barguna."

"Bargo? Bakwaini za ka ɗauka a cikin wannan ƙanƙarar da bargo? Ka ɗumama 'ya'yan duniya, naka za ka kai a sanyi?"

Ta fita da saurin da ba a san tana da shi ba. Ta dawo riƙe da kaskon wuta, wanda ya kwana a ɗakin mai jego, cike da garwashin ƙirya, ja jawur, ba hayaƙi ko kaɗan. Ta ɗora shi a kan faranti, ta ajiye a tsakanin ƙafafunta.

"Gwaggo, mota ce. Akwai fetur."

"Fetur yana baya, wuta tana gaba. Ni zan riƙe."

"Gwaggo..."

"Ni na yanke maka cibi, da wannan kaskon na gasa ka. Rufe tagogi. Ja mu tafi."

Ya dubi Hadijatu, karo na farko da ya dubi wannan gefen. Idonta yana kan ƙunshin da ke ƙirjinta. Ya ɗaga gilasai duka. Inda roba ta cinye iska tana shigowa, Gwaggo ta cusa tsumma.

Motar ta yi ɗumi, ɗumin da ba ta taɓa yi ba ko a ƙuruciyarta. Gwaggo ta ce, "Ka gani?" Jaririn ya yi ɗan kukansa sau ɗaya kafin Gwaram, Hadijatu ta gyara masa kwanciya. A ɗakin jinka, abin da garwashi yake fitarwa yana da hanyarsa ta sama, shi ya sa ake kwana da shi tun kaka da kakanni. Mota ba ɗakin jinka ba ce.

Bayan Gwaram kan Barau ya fara sarawa. Ya ɗauka rashin barci ne. Gwaggo, wadda ba ta iya tafiya shiru, ta bar magana, kanta ya fara lilo. Hanya ta riƙa rabuwa biyu tana haɗewa. Ya ji hannuwansa sun yi nisa da shi. Da duwatsun Birnin Kudu suka bayyana a gaba, ya ga wata bishiya tana tahowa a inda bai kamata ba, ya taka birki, ya tura ƙofa, ya faɗo waje a kan gwiwoyinsa yana amai.

Iskar sanyi ce ta dawo da shi. Ya rarrafa ya zaga, ya buɗe ɗaya ƙofar. Ya jawo kaskon ya wurgar a kwalbati. Ya girgiza Gwaggo, ta yi nishi. Hadijatu ta buɗe ido da ƙyar, ta dube shi kamar daga nesa, sannan ta dubi ƙirjinta.

"Ya yi barci," in ji ta.

Ya ƙarasa da su gilasai a sauke.

Malamar asibitin da ta tare su ta karɓi ƙunshin, ta buɗe, ta daɗe tana saurare. Sai ta mayar da zanen, ta rufe har fuska. Aka kwantar da matan biyu. Da ta ji labarin kaskon, ta ce, "A cikin motar? Gilas a rufe?" Ba ta ƙara ba sai cewa kada a sake, kuma ya faɗa wa mutanensu.

Barau ya bi ta har bakin ƙofa.

"Malama, sanyin ne, ko wutar?"

Ta dube shi, ta ga irin tambayar da yake yi.

"Bakwaini ne, Malam, ƙarami ƙwarai. Ko a hannunmu aka haife shi, ba mu da tabbas. Allah ne Ya sani."

Da wannan amsar ya zauna har ƙarshen ransa.

Ɗan tunkiyar ya girma a bayan gida har ya tsufa. Gwaggo Barira ta warke, amma ta bar karɓar haihuwa. Ta ce idonta ya yi rauni, ko da yake ana ganinta tana zura zare a allura. Ba ta sake shiga motar ba, ko zuwa gaisuwa da ƙafa take tafiya.

Bayan Hadijatu ta gama wankan jego, Barau ya ari kayan aiki a wurin Maikano ya kwance allon gaba da kansa, a ƙofar gida. Maikano ya ce zai zo ya taya shi, ya ce a'a. Da ya zo fito da hitar dole ya buɗe ƙofar masu jego, ya kwashe buhuna, ya ɗaga tabarmar roba. Ƙarfen ƙasan wurin tsatsa ta cinye shi. Daga gindin hitar wani jan sawu ya gangaro, busasshe, ya bazu daidai inda mace take ajiye ƙafa.

Hadijatu tana wucewa da tulu. Bai saba kiran sunanta ba.

"Zo ki gani."

Ta ajiye tulun, ta leƙa.

"Na san shi," in ji ta. "Ni nake wanke shi."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da ruwan sama ya ƙi. Buhunan sukan jiƙe. Kullum bayan ka sauke mai jego." Ta dubi sawun. "Ja ne, Malam. Na ɗauka nasu ne."

Ya shafa wurin, ya kai yatsa hanci. Tsatsa ce, ruwan inji ne da ya daɗe cikin ƙarfe. Sai an buɗe hita yake zuba, ba a buɗe ta kuwa sai don mai jego.

"Ina ganinka kana kwanciya a ƙasa kana nema," in ji Hadijatu. "Ban san abu ɗaya ba ne. Da na sani..."

Ba ta ƙarasa ba. Barau ya mayar da tabarmar a hankali.

"Ko ni na gani," ya ce, "da ban tambaya ba."

Ta ɗauki tulunta ta shiga gida. Ba su sake tayar da zancen ba. Daga ranar dai ba a ƙara kaɗa miyar kuka a gidan ba, kuma ba shi ya hana ba.

Ya haɗe bakin tiyon biyu kamar yadda sauran direbobi suke yi, ya ci gaba da jigilar hatsi da awaki. Idan aka zo neman ya ɗauko mai jego, yakan ce motar ba ta shirya ba tukuna. Hitar kuwa ya sa ta a wani tsohon daro, ya jiƙa da ruwan tsamiya. Tsamiya tana cin kuka, amma tana cin tsatsar da ta riƙe ƙarfen ma. Idan hanya ɗaya ta buɗe, sai rami ya bayyana a gefenta. Ya kai wa Maikano ya liƙe da dalma, zafin dalmar ya toshe ta kusa. Ya dawo ya sake jiƙawa. Maikano ya taɓa cigita masa wata a Kano da Jos, ba a samu irinta ba.

"Ungozoma, ka bar ta haka," ya ce masa wata rana, ba da tsokana ba. "Yanzu ai kowa da motarsa."

"Akwai masu jego a ƙasar nan," in ji Barau. "Sanyi kuma bai daina zuwa ba."

Injin ne ya riga hitar gajiya. Wata damina ya tsaya a ƙofar gida, bai ƙara tashi ba. Barau ya koma gona da 'yan shanun da Bappa ya bar masa. Amma daron yana nan a gindin bango. Bayan la'asar yakan fito da hitar, ya sa baki a bututu ɗaya ya hura, ya tara hannu a ɗayan. Da magariba ya share, ya barbaɗa toka.

A sanyin da ya rasu a cikinsa, wata ranar Asabar, ya ɗura wa hitar ruwa ta sama, sai ga shi yana fitowa ta ƙasa, siriri kamar zare, ba ya ɗiga ta ko'ina a gefe. Ya kira Hadijatu ta gani. Ta tsaya ta gani har butar ta ƙare.

"Ta fara buɗewa," ya ce. "A bar ta ta ƙara kwana a tsamiya. Gobe sai in ɗaura."

Ya ciro sababbin tiyo biyu da ya daɗe da saya, ya rataye su a ƙusa saman daron, ya ajiye sifana a kusa. Da safe zazzaɓi ya hana shi fita, bai kuma ƙara fita ba.

Da aka share makoki, masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka ja motar da akori-kura. Ɗayansu ya hango daron ya miƙa hannu. Hadijatu ta ce wannan ba ya ciki. Ta zubar da ruwan da ya yi kore, ta jiƙa sabuwar tsamiya, ta mayar da hitar, ta rufe da faifai. Tiyon biyu suna rataye a ƙusarsu.